Wilo da Cifcaf: 'Yan Ci-rani Biyu da Tsinin Fiffike Ya Raba

Wata Asabar cikin Oktoba, an gama girbin gero, dawa tana ta nuna, na sauka wani lambu da ke gefen dam ɗin Daberam, nan wajen Daura. Mai lambun dattijo ne, abokin mahaifina tun suna samari. Muna cikin gaisawa sai ga jikansa a guje, danƙo rataye a wuya, ya dunƙule wani abu a hannu. Da ya buɗe tafin sai ga ɗan tsuntsu, bai kai tsawon biro ba, bayansa kore mai duhu kamar ganyen da ya fara yaushi, ƙirjinsa rawaya. Dutsen a ka ya same shi. Ya riga ya mutu, amma jikinsa da sauran ɗumi.

"Malam, wannan wane iri ne?" in ji yaron.

Dattijon ya riga ni amsawa. "Kai dai ba ka rabo da tambaya. 'Yan tsuntsayen gawo ne, kaka ke kawo su. Ko loma ɗaya babu a jikinsa."

Na ce, "Baba, gaskiyarka, kaka ce ke kawo su. Amma bari ka ji daga inda ta ɗauko wannan."

Na karɓe shi na juya. Nauyinsa bai fi na dunƙulen magi biyu ba. Ƙafafunsa masu haske ne, kalar busasshen kara. Na buɗe fiffiken da yatsu biyu na ƙirga gashin, sannan na faɗa musu cewa wata huɗu ko biyar da suka wuce wannan tsuntsun yana cikin ƙwai a Turai, kuma da fiffiken nan ya tsallako Bahar Rum da Sahara. Dattijon ya yi shiru yana kallonsa, can ya ce, "Ikon Allah. Wannan ɗan abin?"

Abin da na ƙirga a fiffiken shi ne abin da nake son mu warware a nan, domin tsuntsun yana da wani ɗan'uwa da suke kama ƙwarai, har masana kan rikice.

Su biyun 'yan gida ɗaya ne. Masana sun sa wa gidan suna Phylloscopus, kalmomi biyu na Girkanci da ke nufin mai duba ganye, kuma sunan ya dace da sana'arsu. Wuni suke yi suna bin rassa, suna leƙa bayan ganye, suna tsintar tsutsa da ƙananan ƙwari da gizo-gizo. Gidan babba ne, iri kusan 80, yawancinsu a Asiya. Namu biyun su ne Phylloscopus trochilus, wanda Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya bayyana a 1758, da Phylloscopus collybita, wanda Vieillot ɗan Faransa ya sa wa suna a 1817. Na farkon, mutanen Ingila sun laƙaba masa sunan wata bishiyar bakin ruwa da suke kira wilo, don haka wilo zan riƙa ce masa. Na biyun kuwa da bakinsa ya raɗa wa kansa suna, domin waƙarsa ba ta wuce cif-caf, cif-cif-caf. Jamusawa sun ji ta suka ce zilpzalp, mutanen Holan suka ce tjiftjaf. Ita kanta kalmar collybita daga sunan ɗan canji ta fito a Girkanci, wai don waƙar tana kama da ƙarar sulalla idan ana ƙirga su.

Tsawonsu daga baki zuwa bindi bai wuce santimita 10 zuwa 12 da ɗoriya ba. Nauyinsu a kwanakin da ba su tara kitse ba yana tsakanin giram 7 da 10. Dukansu kore-kore ne a baya, fari-fari ko rawaya-rawaya a ciki, kowanne da ɗan layi mai haske a saman ido kamar gira. Dukansu macen ce ke gina sheƙa mai rufi da ƙofa a gefe, kamar ɗan rumbu, ta kwanta kan ƙwai wajen kwana 13. Wanda ya hango su a kan reshe ɗaya zai rantse wa da ƙane ne, ko miji da mata. Amma kama da wane ba ta wane.

Mutumin da ya fara raba su a fili wani limamin coci ne a ƙauyen Selborne da ke kudancin Ingila, Gilbert White, wanda rubuce-rubucensa suka fito a 1789. A zamaninsa ana ɗaukar waɗannan 'yan tsuntsaye a matsayin iri ɗaya. Ba shi da madubin hangen nesa irin na yau, kunne ya yi aiki da shi. Ya lura waƙa uku daban-daban ke fitowa daga bishiyoyin garinsu, ya ce to lallai iri uku ne, kuma haka abin ya tabbata: wilo, cifcaf, da wani na uku da ya ɗan fi su girma, mai son dogayen bishiyoyi. Mu kan ce gani ya kori ji. A sha'anin waɗannan tsuntsaye ji ne ya kori gani.

Waƙar wilo fito ce mai zaƙi, takan fara daga sama ta gangaro sannu a hankali har ta narke, kamar ruwan da ake tsiyayarwa daga buta yana ƙarewa. Ta cifcaf kuwa sauti biyu ne yake ta jujjuyawa ba gajiya, kamar maƙerin fari yana ƙwanƙwasa zobe da ƙaramar guduma. Wanda ya ji su sau ɗaya ba zai ƙara haɗa su ba. Su ma tsuntsayen da waƙar suke gane juna, mace ba ta amsa wa namijin da ba ya kukan gidansu, shi ya sa ko da suna zaune a daji ɗaya da wuya su haɗa iri. Har kiran da suke yi wa juna yana da ɗan bambanci: na wilo gaɓa biyu ne, hu-it, na cifcaf gaɓa ɗaya, hwit.

Matsalarmu a nan ita ce waƙa abin gida ce. Namiji yana yin ta ne don kare yankinsa da neman mata, kuma wannan a can Turai da Asiya ake yin sa, cikin Afrilu zuwa Yuni. Idan suka zo mana ci-rani yawanci bakinsu a rufe yake, sai ɗan kira jefi-jefi. Wilo yakan rera a ƙasan Afirka, musamman idan lokacin komawa ya matso, amma ba a dogara da hakan. Dole mu koma ga ido.

Abu na farko da ake koya wa mai farawa shi ne ƙafa. Ta wilo mai haske ce, ruwan ƙasa zuwa ja-ja. Ta cifcaf baƙa ce ko kusa da baƙa. Wannan yana aiki sau da yawa, amma ina gargaɗin kowa a kansa, domin akwai wilo mai duhun ƙafa, kuma a inuwar ganye da tsakar rana kowace ƙafa baƙa ce. Na biyu fuska. Girar wilo doguwa ce, ta fito sarai, ta wuce bayan ido, kumatunsa da ɗan haske, shi ya sa fuskarsa take kamar an wanke. Cifcaf girarsa gajera ce mai dishi-dishi, kumatunsa da duhu, sai wani ɗan farin zobe da ke ƙasan idon ya fito, kansa kuma ya fi zama mulmulalle. 'Ya'yan wilo na bana, irin wanda yaron nan ya harbo, cikinsu rawaya ne shar, sun fi iyayensu launi. Na uku ɗabi'a, kuma wannan na fi yarda da shi a kan ƙafa: cifcaf ba ya iya zama ba tare da ya kaɗa bindinsa ƙasa ba. Ya yi tsalle ya kaɗa, ya tsinci ƙwaro ya kaɗa, kamar mai jan carbi. Wilo yakan kaɗa sau ɗaya idan ya sauka a reshe, sannan ya bari.

Duk waɗannan alamu ne. Hujjar tana fiffike.

Idan tsuntsu ya naɗe fiffikensa, akwai gashi uku masu faɗi da ke kwanciya a sama su rufe sauran. Daga ƙarƙashinsu dogayen gashin tashi ke leƙowa su nufi bindi. Tsawon abin da ya leƙo shi ake dubawa. A jikin wilo, tsinin da ya leƙo ya kai kashi uku cikin huɗu na tsawon waɗancan gashin masu rufi, wani lokaci ma ya kusa daidai da su, shi ya sa tsuntsun yake da siffa doguwa, siririya ta baya. A jikin cifcaf bai fi rabi ba, sai ya zama kamar ɗan dunƙule. A hoto mai kyau da aka ɗauka daga gefe ana ganin wannan, ko da wayar hannu ce aka ɗora a bakin madubin hangen nesa.

Idan kuwa tsuntsun yana hannu, akwai abin da ya fi wannan. A buɗe fiffiken a fara ƙirga dogayen gashin daga waje zuwa ciki. Na farko ɗan guntu ne ƙwarai, sai an lura. Wasu daga cikin na bayansa, idan aka bi gefensu na waje da ido, za a ga ya zo ya tsuke kafin ya kai tsini, kamar wuƙar mahauci da wasawa ta cinye gefenta. A wilo gashi uku ne ke da wannan tsukewar: na uku, na huɗu da na biyar. A cifcaf huɗu ne, har da na shida. Abin da na ƙirga ke nan a lambun. Na nuna wa yaron, na sa shi ya bi gefen na biyar da farcensa ya ji inda ya lotsa, sannan ya bi na shida ya ji shi sumul har ƙarshe. Masu sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa, a Turai da nan Najeriya, da wannan gashi na shida suke yanke hukunci idan sauran alamu sun rikice.

To me ya sa 'yan milimita a tsinin fiffike suka zama abin magana? Saboda siffar fiffike labarin tafiya take bayarwa. Dubi tsattsewa da fakara. Tsattsewa fiffikenta dogo ne mai tsini, tana wuni a sama ba ta gaji ba. Fakara nata gajere ne mai faɗi, tana tashi fir a firgice cikin ƙiftawar ido, amma ba ta nisa ta sauka. Dogon fiffike mai tsini yana rage ƙarfin da ake kashewa a kowace kilomita. Gajere mai faɗi yana ba da saurin juyawa a cikin sarƙaƙiyar ganye da saurin kuɓuta daga shaho. Ba a samun duka biyun cikakku a jiki ɗaya. Wilo ya karkata wajen tsattsewa, cifcaf ya ɗan karkata wajen fakara, kuma tafiyarsu haka take.

Wilo yana hayayyafa tun daga Ayalan a yamma har ƙarshen Saberiya a gabas, kuma kusan dukansu kudu da Sahara suke cin rani. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2009 ya nuna ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2.1 ne ke barin Turai zuwa Afirka kowace kaka, kuma babu irin da ya kai wilo yawa a cikinsu. Waɗanda suka fi ba ni mamaki su ne na gabashin Saberiya. Masu bincike sun ɗaura wa wasunsu 'yar na'ura mai auna hasken rana a baya, sakamakon ya fito a 2018: tafiyar kilomita kusan 13,000 suka yi zuwa kudu maso gabashin Afirka, zuwa kawai ban da dawowa, tsuntsu mai giram 10. Kudancin Asiya ya fi kusa da su nesa ba kusa ba, amma hanyar kakanni suke bi.

Kuma ba wanda ke nuna musu hanyar. Ɗan wilo na bana shi kaɗai yake tashi da dare, ba tare da iyayensa ba. Alƙiblar a jini take. A tsakiyar Suwidin akwai wata iyaka da ido ba ya gani: wilon da ke kudu da ita yana nufar kudu maso yamma, ya bi ta Sifen da Maroko ya faɗo Afirka ta Yamma, na arewa da ita kuma yana nufar kudu maso gabas zuwa gabashi da kudancin Afirka. Masanan Jami'ar Lund da ke Suwidin sun shafe shekaru suna bin diddigin wannan, sun kuma gano wuraren da ƙwayoyin gadon rukunin biyu suka bambanta. A ido kusan tsuntsu ɗaya ne, amma kowanne da taswirarsa a cikin halittarsa.

Cifcaf bai ɗauki abin da zafi haka ba. Da yawansu a gefen Bahar Rum suke tsayawa, Sifen, Fotugal, Italiya, Maroko, Aljeriya. Na gabas suna sauka Gabas ta Tsakiya da Indiya. Wasu ma yanzu ba sa barin Ingila, suna cin sanyinsu a wuraren tace ruwan ƙazanta, inda ɗumi ke tara ƙananan ƙwari. Wani kaso ne ke tsallake Sahara, su ma da zarar sun tsallako sai su tsaya a bakin gaɓa, wato yankin Sahel, musamman inda ruwa ke kwanciya kamar bakin kogin Senegal, fadamun kogin Neja a Mali da kewayen Tafkin Chadi. Da yake tafiyarsa gajera ce, shi ke riga isa Turai cikin Maris, wilo sai Afrilu, kuma shi ke jinkirin barinta.

Mai shakkar cewa tafiya ce ta sassaƙa fiffiken, ya dubi 'yan'uwan cifcaf na kusa. Har zuwa shekarun 1990 ana ɗaukar cifcaf ɗin Sifen da Fotugal da na tsibiran Kanari da ke cikin teku yamma da Maroko a matsayin iri ɗaya da wanda muke magana a kansa, kafin waƙa da binciken ƙwayoyin gado su raba su. Na tsibiran Kanari ba ya zuwa ko'ina, shekara a gida yake yi, kuma fiffikensa ya fi na kowa gajarta da faɗi. Na Sifen kuwa yana tsallake Sahara zuwa Afirka ta Yamma, kuma fiffikensa ya fi na cifcaf na gama-gari tsini, launinsa ma ya fi haske, har ana rikita shi da wilo. A jera su huɗu daga mai zaman gida zuwa mai dogon zango, tsinin fiffiken zai bi jerin. Wannan shi ne ya gamsar da ni fiye da kowane bayani.

Akwai wani abu kuma da doguwar tafiya ta jawo wa wilo. Gashin tsuntsu yana tsufa kamar tufa, rana da ƙaya da iska suna cinye shi. Yawancin ƙananan tsuntsaye, har da cifcaf, sau ɗaya a shekara suke sake gashin fiffike gaba ɗaya, bayan sun gama renon 'ya'ya. Wilo sau biyu yake yi, ɗaya a can kafin ya taso, ɗaya a nan Afirka cikin sanyi kafin ya koma. Kaɗan ne a duniyar tsuntsaye ke yin haka, domin fitar da sabon gashi yana cin abinci mai yawa. Ke nan fiffiken da yake komawa Turai da shi a ƙasarmu aka ƙera shi, da ƙwarin bishiyoyinmu.

Yanzu mu dawo gida. Daura tana kan layi na 13 arewa da tsakiyar duniya, a bakin Sahel, kuma wannan wurin zama ya sa tsuntsayen biyu ba matsayi ɗaya suke da shi a wajenmu ba. Ga wilo mu zango ne. Yana faɗowa cikin Satumba da Oktoba, daidai lokacin da damina ta ɗauke, ganye na nan kore, ƙwari sun yi yawa. Ya huta ya ci, sannan yawancinsu su ci gaba kudu zuwa dazuzzukan tsakiyar Najeriya da abin da ya yi gaba, inda danshi ke daɗewa. Sai Maris da Afrilu su sake biyowa ta kanmu sun nufi arewa. Ga cifcaf kuwa mu ne ƙarshen hanya, kusan iyakar kudu ta inda yake kaiwa a Afirka ta Yamma, kuma a Najeriya ba shi da yawa, a can ƙuryar arewa ake samunsa. Don haka kalanda ma shaida ce. Ɗan tsuntsu mai duba ganye a gonar Daura cikin Oktoba, mafi rinjaye wilo ne. Wanda aka gani cikin Disamba ko Janairu, hunturu na kaɗawa, a bagaruwar da ke tsaye a bakin ruwa, yana kaɗa bindi, wannan ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau.

A yi hattara kuma, ba su kaɗai ba ne a bishiyar. Akwai wani ɗan gidansu, Phylloscopus bonelli, da ke cin rani a Sahel da yawa, mai farin ciki tas da launin kore-rawaya a fiffike da gindin bindi. Shi ne aka fi gani a gawo cikin sanyi, kuma shi ne mai farawa ya fi kira wilo bisa kuskure.

Komawar bazara ita ce ta fi tsaya mini a rai. A kaka tsuntsu yana sauka ya tarar da ƙasa a ƙoshe. A Maris da Afrilu kuwa, lokacin da yake buƙatar guzuri mafi yawa, ƙasarmu ta bushe ƙurmus, wata biyar ko shida ba ruwa, zafi ya kai inda ya kai. A gabansa akwai hamada mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000. Da dare yake tafiya, da rana ya laɓe a inuwar dutse ko ɗan kurmi, ba ci ba sha. Man tafiyarsa kitse ne. Idan aka kama tsuntsun da ya shirya, aka hura gashin ƙirjinsa, ana ganin kitsen rawaya ta cikin fata, ya cika ramin da ke ƙasan wuya ya malalo ciki. Tun shekarun 1960 masu bincike suka riƙa auna irin waɗannan tsuntsaye a Malam Fatori, bakin Tafkin Chadi, suna ganin yadda nauyinsu ke hawa kafin su tashi. Na hura ƙirjin wanda yaron ya harbo don in nuna musu. Ramin a lotse yake, fata kawai da ƙashi. Hamada ta cinye komai, kwanansa ɗaya ko biyu ke nan da sauka.

Ina ake samun ƙwari a tsakiyar rani? A bishiyar da ke da ganye da fure a lokacin. Nan ne gawo ya zama abin da ya zama. Kowane manomi a ƙasar Daura ya san halinsa: yana zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, ya yi kore shar da rani lokacin da kowa ya bushe. Binciken da wasu masana 'yan Holan suka yi a faɗin Sahel, suna bin bishiya ɗaya-ɗaya suna ƙirga tsuntsayen da ke kanta, ya nuna baƙin nan ba kowace bishiya suke hawa ba. Sun taru ne a 'yan kaɗan, yawanci masu ƙaya, irin su gawo da aduwa. Dalilin da aka bayar mai ma'ana ne: bishiyar da ta kare kanta da ƙaya ba ta cika zuba ɗaci a ganyenta ba, sai ƙwari su samu abin ci. Darbejiya kuwa, wadda ta cika titunan Katsina da Daura, da ɗaci take kare kanta, shi ya sa muke zuba ganyenta a rumbu don korar ƙwari. Inuwarta ni'ima ce ga mutum, kuma ban ce a daina shuka ta ba, amma ga mai duba ganye kusan kango ce. Idan aka sare gawo goma aka shuka darbejiya goma, a takarda ba a yi asara ba, a wajen wilo kuwa an rufe masa shago. Wannan yana damuna, domin ina ganin manyan gawo suna faɗuwa saboda itace da gawayi, kuma ƙananan da ke tsirowa garma da awaki ba sa barinsu su girma.

A Turai an riga an ga canji a lissafi. Ƙidayar da ake yi a Birtaniya kowace shekara tun tsakiyar shekarun 1990 ta nuna cifcaf ya fi ninki biyu, wilo kuma ya ragu sosai a kudancin Ingila, yana ƙaruwa a Sikotilan mai sanyi. Masu bincike sun fi danganta wannan da ɗumamar yanayi a wurin hayayyafa: sanyi ya yi sauƙi, mai gajeren zango ya samu riba, yana isa da wuri, wani lokaci ya ƙyanƙyashe sau biyu a shekara, shi kuwa mai dogon zango yana ja da baya zuwa arewa. Abin da ke faruwa da bishiyoyi a kan hanya ƙarin nauyi ne a kansa.

Shi ya sa nake ganin raba su daidai ya wuce sha'awa. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos, ƙarƙashin Jami'ar Jos, tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, inda 'yan sa-kai ke shigar da abin da suka gani ta manhajar BirdLasser a wayarsu. Daga irin wannan bayanin ake gane ko iyakar wani tsuntsu tana matsawa. Wanda ya ga duhun ƙafa kawai ya rubuta cifcaf a Daura ya dasa ɗigo a taswira da wani zai gina magana a kansa shekara goma masu zuwa. Ra'ayina shi ne kada a rubuta shi a nan sai alamu uku sun haɗu, ɗaya daga cikinsu kuma fiffike ne ko waƙa. In ba su haɗu ba, a bar gurbin.

Cikin Janairun da ya biyo na koma lambun da sassafe, hazo ya rufe dam ɗin, sanyi yana shiga ƙashi. Yaron ne ya tare ni tun daga bakin shinge.

"Malam, akwai wani a bagaruwar can. Ban harbe shi ba. Bindinsa ba ya tsayawa."

Muka je muka tsuguna a bayan kunyar albasa. Bagaruwar tana tsaye ƙafarta cikin laka. Ya fi minti ashirin muna ganin motsin ganye kawai, sannan ya fito kan wani siririn reshe, ɗan dunƙule, launinsa ya fi na wancan duhu. Ya kaɗa bindi, ya yi tsalle, ya sake kaɗawa. Ƙafa baƙa. Gira gajera, da ɗan farin zobe a ƙasan ido. Yaron ya matsa hannuna yana raɗa, "Shi ne?" Na ce ya dakata. Muka ƙara jira har rana ta ɗan keto hazon, tsuntsun ya juya mana gefe ya tsaya daƙiƙa biyu ko uku, na samu na ɗauki hoto huɗu. Uku sun yi dishi. A na huɗun fiffiken ya fito, na buɗe shi da yatsu a fuskar wayar, muka sa kai tare. Tsinin bai wuce rabin gashin da ke rufe shi ba.

Na miƙa wa yaron littafin da biro, na ce ya rubuta da hannunsa: kwanan wata, ƙarfe takwas saura kwata, cifcaf guda ɗaya, a bagaruwa, bakin ruwa.